Ƙanƙarar Ayaba: Zaƙin da ba a zuba wa sukari ba

Daga ɗalibai mata na aji shida

  

Da aka ce kowane aji ya kawo abin da zai sa cikin littafin makaranta na bana, mun daɗe muna gardama. Wasu suka ce mu rubuta tarihi, wasu suka ce nasiha. Daga ƙarshe muka tsaya a kan abin da kowane ɗalibi ya sani, wanda kuma yake cinye mana kuɗin tara kullum, wato ƙanƙarar leda da muke sha a bakin ƙofar makaranta. Muna so mu nuna yadda za a yi wadda ta fi ta amfani a gida, da ayaba kaɗai, ba tare da an zuba ko ƙwayar sukari ɗaya ba. Duk abin da muka faɗa a nan game da yadda ake yi, mun gwada shi da hannunmu, mun ɓata, mun sake, har ya yi.

Abin da ya jawo maganar

Wanda ya taɓa zaman Maradi a watannin Afrilu da Mayu ya san abin da ake kira zafi. Rana takan haura digiri 40, ruwan randa ma sai ya yi ɗumi. Ana tashi daga karatu kowa sai wajen mai kula: wannan ya ce a ba shi ja, wannan kore, wannan ruwan ɗorawa. Kafin a isa gida harshen kowa ya rine.

Wata rana wata ƴar ajinmu ta yi kwana uku ba ta zo ba. Da muka je dubiya muka tarar kuncinta ya kumbura, haƙorinta na gefe ya rube har an kai ta likita an cire. Da ta dawo, malamarmu ta kimiyya ta shigo aji da ledar ƙanƙara guda a hannu, ta ajiye kan tebur ta ce: "To ƴaƴana, ku faɗa mini, me ke cikin wannan?" Muka ce ruwa da sukari da kala da ɗan ƙamshi. Ta ce: "Madalla. In an cire sanyin, me ya rage wanda zai amfani jikinku?" Aji ya yi tsit. Wata daga baya ta ce: "Malama, leda ce ta rage." Aka yi ta dariya, amma maganar ta zauna mana.

Kada a fahimce mu a baibai. Masu sayar da ƙanƙara iyayenmu ne da yayyenmu, da ita wasu ke ciyar da gida, kuma akwai masu yin ta zoɓo da tsamiya da lamurje cikin tsabta. Damuwarmu ita ce yawan sukarin da muke zuba wa cikinmu kullum ba tare da lissafi ba.

Lissafin sukari

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta fitar da shawara a kan sukari. Ta ce sukarin da ake ƙarawa cikin abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini. Ga babban mutum wannan ya kama kamar giram 50, wato wajen ƙaramin cokalin shayi 12. Ta ƙara da cewa in an rage ya koma rabin haka, giram 25 ko cokali 6, ya fi alheri. Yaro kuwa da yake cin abincinsa bai kai na babba ba, rabonsa bai ma kai haka ba. A cikin wannan lissafi har da zuma da ruwan ƴaƴan itace da aka matse. Amma sukarin da ke cikin ɗan itace da aka ci shi yadda yake, ba ya cikin lissafin.

Yanzu ku duba: gwangwanin lemo mai gas na santilita 33 yana ɗauke da sukari wajen giram 35. Guda ɗaya kenan. Ku haɗa da shayin safe, da koko ko kunu, da alewa, da biskit, da ƙanƙarar rana da ta yamma. Kun ga kafin magariba an wuce iyaka nesa.

Yadda sukari ke cin haƙori kuwa ga shi. A bakin kowa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Su ma sukari suke ci, in sun ci sai su fitar da wani ruwa mai tsami, shi ne yake cin farin rufin haƙori kaɗan-kaɗan har rami ya fito. Miyau yana wanke wannan tsamin, amma yana buƙatar lokaci. Shi ya sa wanda ke tsotsar zaƙi tun safe har dare ya fi cutar da haƙorinsa a kan wanda ya sha sau ɗaya bayan abinci. Ban da haƙori, yawan shan abin zaƙi yana jawo ƙiba, kuma yana ƙara haɗarin ciwon sukari, wanda kusan kowace unguwa tana da mai fama da shi.

Me ya sa ayaba?

Asalin ayaba daga kudu maso gabashin Asiya da tsibirin Niyu Gini take, a can aka fara nomanta shekaru dubbai da suka wuce, kuma a yau Indiya ce ta fi kowace ƙasa nomanta. Larabawa suna ce mata mauzu. Malaminmu na tafsiri ya nuna mana cewa a Suratul Waƙi'a, aya ta 29, inda ake zayyana ni'imomin Aljanna, akwai kalmar ɗalhu, wadda da yawa daga malaman tafsiri suka ce ayaba ake nufi. Mu a nan, da yake tana son ruwa da laima, akasarin wadda muke ci daga kudu ake kawo ta cikin mota.

Idan aka ɓare ayaba aka auna giram 100, za a samu wajen kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Ƙarfinta kalori 89 ne, sukarinta na halitta wajen giram 12, tana da harza, wato zaren abincin nan da ke taimaka wa hanji, wajen giram 2 da rabi. Tana da sinadarin fotasiyom fiye da miligiram 350, wanda zuciya da jijiyoyi ke aiki da shi, ga bitamin B6 da ɗan bitamin C. Ita kuwa ƙanƙarar kala ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan sai sukarin. OMS ɗin dai ta ba da shawarar mutum ya riƙa cin aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace kullum, kuma ayaba ɗaya ta rage wani abu daga ciki.

Sirrin zaƙinta yana cikin nunarta. Ɗanyar ayaba cike take da sitaci, shi ya sa in ka ciza za ka ji bauri ba daɗi. Idan ta fara nuna sai ta riƙa fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke sa sitacin ya riƙa juyewa yana zama sukari. Kafin ɓawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, kusan duk sitacin ya juye. Ashe ayabar da muke rainawa, wadda mai talla ke karyar wa kuɗi da yamma don kada ta kwana, ita ce ta fi kowace zaƙi. Wannan iskar ce kuma ta sa in aka rufe ɗanya tare da nunanniya cikin takarda ko kwali, ɗanyar take saurin nuna.

Sai tambaya ta biyu: me ya sa ruwan sukari in ya daskare yake zama dutse, ita kuwa ayaba take yin laushi kamar askirim? Ruwa in zai daskare yana haɗuwa ne ya yi ƙwayoyin ƙanƙara masu kaifi. In ƙwayoyin manya ne, harshe ya ji garas-garas. Masu yin askirim suna hana su girma ta hanyar zuba kitsen madara da sukari da bugawa. Ayaba ta zo da nata maganin: sukarinta yana hana ruwan daskarewa ƙam, sannan tana da wani sinadari mai yauƙi da ake kira fektin wanda ke riƙe ruwan. Idan aka kirɓa ta, ƙwayoyin ƙanƙarar sai su farfashe, iska ta shiga, ta yi sumul. Mun gwada da kankana don mu gani. Da yake ita fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ce, abin da muka samu tsakin ƙanƙara ne kawai.

Kayan da ake buƙata

Ayaba nunanniya mai ɗigo-ɗigo, kamar ƙanana biyu ga mutum ɗaya. Ayabar ci muke nufi, ban da ta suya wadda wasu ke kira agada, wasu aloko. Sai rabin lemun tsami, da wuƙa, da faranti ko tire, da leda mai tsabta ko roba mai murfi, da ƙaramin turmi da taɓarya, ko na'urar markaɗe ta wuta ga mai ita. Sai kuma wuri a ɗakin ƙanƙara na firigo.

A kula, nuna daban, ruɓa daban. Ayabar da ɓawonta ya yi baƙi amma cikinta fari ne ko ruwan zuma, tana ƙamshi, wannan ita ake nema. Wadda ta fashe ƙuda ya hau, ko tana zubar da ruwa, ko tana warin tsami, ko ta yi fumfuna, a ba awaki ko a zubar. Sanyi ba ya gyara abin da ya riga ya lalace.

Yadda ake yi

1. A wanke hannu da sabulu, a wanke wuƙa da faranti. A ɗauraye ayabar tun tana cikin ɓawonta, don ƙurar kasuwa kada ta bi hannu ta shiga ciki.

2. A ɓare ta. Wannan kada a manta da shi, za ku ji dalili nan gaba.

3. A yanka ta zagaye-zagaye, kaurin bai fi na ɗan yatsa ba. Ƙananan yanka sun fi saurin daskarewa, kuma sun fi sauƙin kirɓawa.

4. A ɗiga mata ruwan lemun tsami kaɗan a juya. Ayaba in an yanka ta iska ta taɓa ta, wani sinadari na cikinta yana sa ta yi duhu. Tsamin lemo yana rage aikin wannan sinadarin. Duhun ba cuta ba ne, amma yara in sun ga abu ya yi baƙi ba sa so.

5. A jera yankan a kan faranti ɗaya bayan ɗaya, kada su hau juna, a rufe, a sa a ɗakin ƙanƙara. Awa huɗu zuwa shida ya isa in wuta ta tsaya. Mu mun fi sa ta da dare mu cire da rana. In ta daskare ana iya kwashe ta a zuba cikin leda ko roba a ƙulle, ba za ta manne ba.

6. In za a sha, a fito da ita a bar ta minti uku zuwa biyar ta ɗan saki.

7. A zuba a turmi a kirɓa da sauri, kamar dai yadda ake kirɓa fura. Da farko za ta warwatse kamar dambu, har mutum ya ce abin ya ɓaci. A ci gaba. Can sai ta fara haɗuwa ta yi gudaji-gudaji, sannan ta koma sumul tana sheƙi. Nan ne za a tsaya. Mai na'urar markaɗe ya riƙa kunnawa yana kashewa, yana tura ta ƙasa da cokali bayan ya kashe, kuma ya ɗan ƙara nono ko madara cokali biyu don kada injin ya wahala.

8. A kwashe a ƙananan kofuna a sha nan take. Mai son ta yi ƙarfi ya mayar da ita firigo na awa ɗaya.

Akwai hanya mafi sauƙi ga ƙanne: a raba ayaba biyu, a soke kowane rabi da ɗan tsinke mai tsabta marar kaifi, a birgima shi cikin dakakkiyar gyaɗa ko soyayyen riɗi, a daskarar. Ba turmi, ba wanke-wanke.

Abin da za a iya haɗa mata

Ayaba kaɗai ta wadatar, amma kasuwarmu cike take da abokan tafiyarta. Ga waɗanda muka gwada muka ji daɗinsu.

Madarar aya. Jihar Maradi ta yi suna wajen noman aya, don haka ba mu da uzuri. A jiƙa aya, a markaɗa, a tace da ruwa kaɗan don ta yi kauri, a zuba cokali uku ko huɗu lokacin kirɓawa. Wannan ita ce ta ci gasar ajinmu. Sai dai madarar aya tana saurin tsami a zafi, a yi ta a ranar da za a sha.

Kindirmo. Yana ba ta ɗan tsami mai daɗi, kuma yana ƙara mata abin gina jiki. A tabbata an dafa madarar kafin a yi kindirmon, kuma a duba na leda, da yawansu an riga an zuba musu sukari.

Markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Cokali ɗaya ga ayaba biyu. Man gyaɗar yana ƙara mata santsi, kuma tana riƙe ciki.

Garin ƴaƴan kuka. Ƙaramin cokali ɗaya, a tankaɗe shi tukuna. Yana da bitamin C da yawa, kuma tsaminsa yana daidaita zaƙin.

Mangwaro. Lokacinsa ya zo daidai da lokacin zafi. A yanka a daskarar da shi tare da ayabar, rabi da rabi.

Dabino. In ayabar ba ta nuna sosai ba, a jiƙa dabino biyu a cire ƙwallon a kirɓa tare. Kada a wuce haka, shi ma zaƙi ne mai ƙarfi. Ɗan garin citta ko kanumfari a bakin cokali yana ƙara ƙamshi.

Abin da ba mu yarda a zuba ba shi ne sukari da madarar gwangwani mai kauri, wadda kusan rabinta sukari ne. In aka zuba su, an koma gidan jiya.

Wanda ba shi da firigo fa?

Mun san ba kowane gida ke da firigo ba, a ajinmu ma masu shi ba su kai rabi ba. Hanya ta farko ita ce ta maƙwabtaka: a ƙulle ayabar cikin roba mai murfi a roƙi maƙwabciya ta ajiye, in an kirɓa a aika mata da nata kofin. Zumunci ya ƙaru kenan.

Hanya ta biyu malamarmu ce ta koya mana, kuma darasin kimiyya ce sukutum. A sayi ƙanƙarar ruwa a farfasa ta. A dama ayaba biyu da cokali mai yatsu, a haɗa da nono ko madarar aya kaɗan, a zuba a ƙaramar leda a ƙulle tam, a sake sa ta cikin wata ledar a ƙulle. A zuba farfasasshiyar ƙanƙarar cikin babbar roba mai murfi, a barbaɗa gishiri, kamar awo ɗaya na gishiri ga awo uku na ƙanƙara. A tura ledar ayabar tsakiya, a rufe, a riƙa girgizawa minti goma zuwa sha biyar. Gishiri yana sa ƙanƙara ta narke alhali sanyinta yana sauka ƙasa da sifili sosai, har ya iya daskarar da abin da ke cikin ledar. A naɗe robar da tsumma, don sanyin yana cizon hannu. In an fito da ledar a ɗauraye bayanta kafin a kwance, in ba haka ba a sha askirim mai gishiri.

Kurakuran da muka yi

Gwajinmu na farko, wata daga cikinmu ta jefa ayaba cikin firigo da ɓawonta. Da safe ta fito baƙa ƙirin, ɓawon ya manne kamar an liƙa shi. Ta yi ta fama da wuƙa har ta kusa yanke yatsa. Dalilin mataki na biyu kenan.

Wata kuma ta ari turmin da innarta ke daka yaji da daddawa. Ta wanke shi sau biyu, amma itace ba ya mantuwa. Ƙaninta ya ɗanɗana ya ce: "Yaya, wannan askirim ne ko miya?" Tun daga ranar muka san sai an ware turmi na daban, ko a yi amfani da na fura. In babu, a sa ayabar cikin leda mai kauri a bubbuga ta da muciya, sannan a murje da hannu.

Kuskure na uku shi ne mai haɗari. An ɗauke wuta tun dare har la'asar, ayabar da aka haɗa da nono ta narke ta yi ruwa, da wuta ta dawo ta sake daskarewa. Ƴar'uwarmu ba ta sani ba ta sha, ta kwana tana zagayawa. Allah ya taƙaita. Daga nan muka koyi abin da ke tafe.

Gargaɗi

Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Da abu ya narke sai su farka su ci gaba da hayayyafa, musamman in akwai madara a ciki. Don haka ƙanƙarar da aka yi da ruwa marar tsabta ko hannu marar wanki tana iya ɗaukar cutar gudawa ko taifot, komai sanyinta. Tsabta cikon addini ce, a madafa ma haka take.

In an ɗauke wuta a daina buɗe firigo, yana riƙe sanyinsa in an bar shi a rufe. Abin da ya narke gaba ɗaya ya yi ɗumi, in da nono a ciki, a zubar, kada a mayar. Shi ya sa muke ba da shawara a ajiye yankakkiyar ayaba ita kaɗai, sai an zo sha a haɗa mata nono. A inda wuta ke tsayawa, firigon da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili yana iya ajiye ta wata biyu zuwa uku. Mu a nan gara a yi kaɗan-kaɗan, a shanye cikin mako.

Kada a ba ƙaramin yaro daskararren yanka mai tauri, yana iya shaƙe shi. A kirɓa masa ta yi laushi. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa ya ishe shi, kuma wanda bai cika shekara ɗaya ba kada a sa masa zuma ko kaɗan. Wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi, kada a haɗa masa da ita.

Sannan mu faɗi gaskiya: ayaba ma zaƙi ce. Ta fi ƙanƙarar kala ne don ta zo da harza da sinadarai masu amfani, kuma tana ƙosarwa. Amma wanda ba zai iya cin ayaba huɗu a zaune ba, in an kirɓa masa su zai shanye bai sani ba. Ƙaramin kofi ɗaya ya isa, kuma ya fi kyau a sha bayan abinci, a kurkure baki, a yi asuwaki da safe da dare. Iyayenmu masu ciwon sukari su tambayi likitansu gwargwadon da ya dace da su. Haka masu ciwon ƙoda, saboda fotasiyom ɗin da ke amfanar mai lafiya yana iya taruwa a jinin wanda ƙodarsa ba ta aiki sosai.

Ribar da muka gani

Mun yi wani ɗan lissafi a allo. Ɗalibin da ke shan ƙanƙarar dala biyar kullum, kwana biyar a mako, a mako huɗu ya kashe dala ɗari. In gida yana da yara biyar a makaranta, jaka biyu da rabi kenan a wata. Da wannan kuɗin za a iya sayen ayabar yamma mai rahusa a yi wa gida duka, har da Inna da Baba.

Riba ta biyu ita ce ta kauce wa almubazzaranci, wanda addininmu ya hana. Ayaba ta yi doguwar tafiya kafin ta iso mana: wani ya shuka, wani ya sara, wani ya yi lodi, direba ya kwana a hanya. Bai kamata ƙarshenta ya zama juji don kawai ɓawonta ya yi ɗigo ba. Ɓawon ma abincin awaki da tumaki ne. Kakar ɗaya daga cikinmu, da aka kai mata ta ɗanɗana, cewa ta yi: "Ke ƴar nan, ashe dai karatun naku yana shiga tukunya."

Muna ganin masu sana'ar ƙanƙara ma za su iya gwadawa, su ƙara ta cikin kayansu, in dai za su iya riƙe sanyinta daga gida har bakin makaranta. In azumi ya zo kuwa, bayan an sha ruwa da dabino an yi sallah an ci abinci, ƙaramin kofi ɗaya zai iya maye gurbin jarkar lemon da ake cika wa sukari.

Kammalawa

Ba mu ce daga yau kowa ya daina sayen ƙanƙara ba, mu kanmu ba mu daina gaba ɗaya ba. Roƙonmu shi ne a rage, kuma kowane ɗalibi ya gwada wannan ko sau ɗaya a lokacin hutu, da izinin iyayensa. Ƙanana su nemi babba ya riƙe musu wuƙa. Maza ma kada su ce aikin mata ne, ai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida. Wanda ya gano wani haɗi da ya fi namu, ya kawo mana labari in an dawo, ko ya rubuta shi a littafin baɗi. Gani ya kori ji.